Gayyar Riɗin Wada

Duk wanda ya taɓa halartar taron jam'iyya a unguwarsu, can bakin garin Gadarif, ya sha gahawar Wada ko da bai san sunansa ba. Shi ne gajeren dattijon nan mai hular da ta sha wanki, wanda ke jera kujeru tun kafin kowa ya iso, ya kuma kwashe su bayan an watse. Shekara talatin da huɗu yana wannan hidima, ba wanda ya naɗa shi, ba wanda ya sauke shi, kuma ko sau ɗaya ba a taɓa jin bakinsa a taro ba. Kakansa ya taso daga wajen Haɗeja da niyyar Makka, ya tsaya a nan ya yi noman damina ɗaya don guzuri, damina ɗayar ce ta kai jikoki. Abin da Wada ya gada shi ne gona fadan shida, wato wajen eka shida, a baƙar ƙasar nan mai darewa da rani, sai iya dafa gahawa a jabana, ƙaramin tulun yumɓu mai dogon wuya.

Ba akida ce ta kai shi jam'iyya ba, Ustaz Suleiman ne. Yana saurayi ya yi shekara biyu yana safa da marwa neman takardar zama ɗan ƙasa, kullum a ce masa ya kawo shaidar inda aka haifi kakan kakansa. Ustaz, a lokacin malamin makaranta ne mai jini a jika, ya kama hannunsa ya shiga da shi ofis, ya yi ta zuba Larabci har takarda ta fito. Tun ranar Wada ya zama nasa. Jam'iyyar kuwa irin wadda ba ta taɓa ɗanɗana mulki ba ce, kowace gwamnati ta zo tana adawa da ita, har an taɓa tsare Wada kwana tara saboda takardun da aka samu cikin buhun gawayinsa. Matarsa Mero takan ce da aure ake ɗaurawa da jam'iyya, da tuni an kai shi ɗakinta.

Sai yaƙi ya zo. Bai shigo Gadarif da bindiga ba, da mutane ya shigo. 'Yarsu Ummuhani ta gudo daga garin Madani da 'ya'ya huɗu, ƙanwar Mero ta biyo baya da nata, gidan mutum huɗu ya koma gidan mutum goma sha bakwai. Ɗansu Lukman, wanda shi ne ƙarfin gonar, ya bi 'yan sa-kai ya tafi fagen daga ba tare da ya nemi shawarar kowa ba. A shekara ta biyu mutane sun gaji gajiyar da ba a ma iya faɗinta. Kowa ya tsani yaƙin, amma a tambayi yadda za a fita daga cikinsa, nan ake raba gari. Shugabannin jam'iyya suna ƙasashen waje suna fitar da sanarwa, reshen unguwa kuwa ya dare gida uku, har ta kai wata biyar ba a kira taro ba.

Wannan shekarar riɗi Wada ya shuka, ya kuma yi kyau. Shi ne abincin bakuna goma sha bakwai har wata damina, don da shi za a sayo dawa. To amma riɗi ba ya jiran kowa. Da ganyensa ya yi rawaya ya fara zuba, kwanaki kaɗan gare ka ka yanke, ka ɗaure dami-dami, ka jingina su a tsaye. Kuma da sanyin safiya ake yanka, raɓa na kwance, don idan rana ta gasa kwanson, kana taɓa kara zai buɗe baki ya zubar. Wada ya je kasuwa neman 'yan ƙwadago sau uku, kullum ya tarar masu manyan gonaki sun kwashe su a mota. Kwana takwas suka wuce a kan ƙa'ida. Da ya ga kwanson ƙasa ya fara tsagewa, sai ya tashi a masallaci bayan la'asar ya kira gayya ranar Juma'a.

Dokar gayya kowa ya san ta. Da safe ruwa kawai ake ajiyewa a bakin gona. Abinci sai an tashi aiki, gahawa kuwa ita ce ta ƙarshe. Mero ta ga Wada yana shafa jabanar da tsumma, ta ajiye muciya.

"Baban Lukman, ka bar min tulun nan a gida. Na san halinka."

"Wankewa kawai nake yi."

"To wanke ka ajiye."

Ya wanke, ya faki idonta, ya cusa shi cikin buhu tare da kasko da turmi da citta, ya ɗora a keken jaki.

Mutum goma sha tara suka zo, abin da ya fi ƙarfin tsammaninsa. Gari bai gama wayewa ba aka ja layi daga kusurwar gabas, lauje ya fara aiki. Ana cikin haka sai ga Ustaz Suleiman a bayan babur, cikin farar jalabiya, da sanda. Shekararsa saba'in da ɗoriya, ba yanka ya zo yi ba, ya zo ne a gan shi a gayyar mutuminsa. Aka shimfiɗa masa tabarma a gindin aduwa ya zauna.

Nan fa Wada ya rasa sukuni. Ya yanka kara biyu ya waiga, ya yanka uku ya waiga. A ce Ustaz na zaune a gonarsa hannu wofi, babu ko finjali a gabansa? Tunda yake bai taɓa ganin haka ba, idonsa kuma ya ƙi ɗauka. Ya ce a ransa finjali ɗaya ne, na Ustaz shi kaɗai, ya ajiye lauje ya hura gawayi.

Kaiconsa, ya manta gahawa ba ta da sirri. Da ƙwayar gahawar ta fara soyuwa a kasko, ƙanshi ya bi iska ya shiga gona. Siddiq mai kantin magani ne ya fara miƙewa, wai zai gaida Ustaz. Eltayeb, wanda ya bar jam'iyya tun farkon yaƙi, ya ga Siddiq ya nufi tabarma, ya ce shi ma ba a fi shi ladabi ba. Wada ya zagaya da kasko kowa ya jawo hayaƙin da tafin hannu, kamar yadda aka saba, don ba a hana wanda ya zo. Kafin ya gama daka, mutum goma sha ɗaya na zaune. Kuma a garin nan wanda ya karɓi finjalin farko ba ya tashi sai an yi zagaye uku, in ya tashi ya ci mutuncin mai dafawa.

Siddiq ya kurɓa ya ce, "Ustaz, tunda Allah ya haɗa mu, sai yaushe reshe zai buɗe baki? Wata biyar. Mu rubuta layi biyu mu ce a tsayar da yaƙin nan, mu sa hannu. Mutane sun gaji, jira suke wani ya fara faɗa."

Eltayeb ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "A tsayar da wa? Wanda ya kori 'yan'uwanku daga gidajensu za ku zauna da shi ku sha shayi? Ku rubuta, malam, ku gani in akwai wanda zai sake gaishe ku a kasuwa. Jam'iyyar da ba ta tsaya bayan soja yau ba, gobe ko kujerar mai gadi ba za ta ci ba."

"Kai ma ka gaji da shi, faɗa ce ba ka yi."

"Na gaji mana. Gajiya ce za ta mayar da ƙanwata gidanta?"

Ustaz ya ɗaga hannu, irin ɗagawar da ya yi shekara arba'in yana yi wa 'yan aji. Ya ce dukansu biyu gaggawa ke damunsu. Adawa haƙuri ce. In reshe ya ce a tsaya, za a ce 'yan amshin shatan maƙiya ne. In ya ce a ci gaba, jinin da aka zubar zai hau kansa. Abin da ya dace shi ne a yi shiru, a bar masu mulki su ɗauki kayansu su kaɗai, ranar da mutane suka kai maƙura za su waiwayo su tarar da jam'iyya da hannu mai tsabta. Siddiq ya ce wannan ba dabara ba ce, jiran gawa ne. Eltayeb ya ce karo na farko ke nan da ya yarda da Siddiq. Sauran da ke cikin gona suka ji murya ta tashi, suka matso su ji, da laujensu a hannu.

Wada na tsugune gaban wuta yana ƙara ruwa a jabana. Zagaye na biyu ya wuce. Inuwar aduwa ta fara tattarewa, raɓar da ta jiƙa masa ƙafar wando ta bushe. Shi ne mai gona, shi ne kuma mai dafawa, kuma mai dafawa ba ya cewa a tashi. Ya rage sukari, ya rage citta, ya zuba na uku tsararo don a yi saurin gamawa, babu wanda ya lura. Ustaz ya miƙo finjali ba tare da ya dube shi ba, ya sake cikawa. Daga bayansa yana jin wani ɗan ƙas-ƙas, nan da can, wanda manomin riɗi kaɗai ke ganewa.

"Ga Wada nan," in ji Eltayeb. "Ɗansa na can yana kare mu. Ku dubi idonsa ku ce masa a banza yaron ya tafi."

"Ga Wada nan ɗin dai," in ji Siddiq. "Don me ya kira gayya? Ba don yaƙi ya cinye masa ɗa mai yanka ba? Wada, faɗa musu."

Duk aka juyo. Shekara talatin da huɗu, yau aka nemi bakinsa. Ya dubi jabanar da ke hannunsa, ya ajiye ta a kan toka.

"Ustaz, ku gafarce ni. Riɗin nan zuba yake yi."

Kunya ta kama kowa, har Ustaz sai da ya dogara sanda ya miƙe. Aka ruga gona. Amma rana ta riga ta take, duk karan da aka kama sai ka ji shaa, farin riɗi na bin tsagar ƙasa yana ɓacewa. Wada ya kalli layi ɗaya ana yanka, ya ga ɓarnar ta fi aikin, shi da kansa ya roƙe su su bari. Ga lokacin Juma'a ya gabato. Suka yi rantsuwa gobe da asuba za su dawo. Da matan gida suka iso da ƙwaryar tuwo, Mero ta dubi gona, ta dubi gawayin da ke hayaƙi a gindin aduwa. Ta sauke ƙwaryar ta juya, kuma da ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi.

Goben ba ta zo yadda aka so ba. Bayan sallar Juma'a labari ya iso cewa wani yaron unguwa, abokin tafiyar Lukman, ya rasu a fagen daga. Aka kafa rumfar makoki, kwana uku ba mai taɓa lauje, matan unguwa duk suna gidan rasuwa suna girki. Wada ne ya jera kujerun, wa zai jera in ba shi ba. Da asuba yakan saci jiki shi da Ummuhani su yanka abin da hannu huɗu zai iya, ya dawo ya sake riga ya zauna karɓar gaisuwa. A rumfar ma gardamar ce, sai dai da murya ƙasa-ƙasa. Iska mai zafi ta yi ta kaɗawa kwana biyu a jere.

A rana ta huɗu suka zo, mutum ashirin da shida, tun duhu bai yaye ba. Siddiq da Eltayeb a keken jaki ɗaya, Ustaz da tsohuwar riga da aron lauje. Suka tsaya a bakin gona har haske ya isa a gani. Karan na tsaye reras, fadan biyar da wani abu, kowane kwanso ya wage baki, babu komai a ciki. Tururuwa ta yi hanya a ƙasa tana jida.

Eltayeb ya karyo kara ɗaya, ya girgiza a tafin hannu, ƙwaya uku ko huɗu suka faɗo. Ya dubi Wada.

Wada ya gaji, gajiyar da ko fushi ba ta bar masa ba. Ya san in ya sallame su, za su koma gida da wannan a wuyansu, su kuma riƙa kauce masa a hanya har ƙarshen rayuwarsa.

"Ku yanka," ya ce. "Mero na bukatar makamashi."

Suka ja layi daga kusurwar gabas. Suka yanka, suka ɗaure dami-dami, suka jingina a tsaye yadda ake yi wa riɗi mai ƙwaya, ba wanda ya ɗaga kai har rana ta yi tsaka. Wada na biye da su a tsugune da ƙwarya da tsintsiya, shi da Ummuhani, suna share abin da tsagar ƙasa ba ta haɗiye ba.