Taraktar Alhaji da Gonata ta Yargoje

Shekarar da ƙaramar hukuma ta sallama wa wani Alhaji taraktocinta ya riƙa bayar da haya, babu wanda ya kai ni murna a Kankara. Ni malamin makaranta ne mai ritaya, kuma bakina bai yi ritaya ba. Kullum bayan la'asar ina majalisa ina yi wa mutane fashin baƙi: abin gwamnati ba shi da mai shi, shi ya sa taraktocin suka shekara a kan duwatsu, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsu. Yanzu da suka samu mai shi, za su tashi.

Kuma sun tashi. Alhajin ya gyara su, ba bin layi a ofis, ba neman takardar wani babba. Da na ga haka sai na kai shanun huɗata biyu kasuwa na sayar. Ƙanena ya yi ta ba ni baki in bar ko ɗaya, na ce masa zamani ya wuce shi.

Ruwan shuka ya sauka, na je na yi magana da direban taraktar. Ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya ce jibi. Jibin nan ta kai kwana goma sha ɗaya. Ashe manyan gonaki yake bi ta wajen Daudawa, inda zai wuni yana huɗa bai juya ba. Ranar da ya zo Yargoje, ya tsaya a bakin gonata ya duba. Gonar gado ce da aka raba mana mu shida, siririya kamar tabarmar salla, ga ɗorawa biyu a tsakiya. Ya ce man da zai ƙona wajen juyawa ya fi aikin yawa, in yi haƙuri. Ban ga laifinsa ba, lissafin da na yi ta koya wa mutane ne ya yi mini.

A lokacin masarar maƙwabta ta fara kai ƙwauri, tawa gonar ciyawa ce kawai. Gidana kuwa baki tara ne, daga nan muke ci. Tsoro ya kama ni sosai. Na zagaya ta bayan gari don kada ’yan majalisa su gan ni, na yi sallama a gidan ƙanena, wanda bai sayar da nasa shanun ba. Na shirya dogon bayani, bai bari na fara ba.

“Yaya, shanun sun gaji, sai da safe. Amma kai za ka riƙe garma, ni ƙafata ta kumbura.”

Rabona da garma shekara talatin. Kunyoyin da na yi sun karkace, masu wucewa a kan babur suna rage gudu su kalla. Kwana uku muka yi, tafin hannuna duk ya ɗaye. Ruwa ya ɗauke masarar tana goyo, rabinta bai yi ido ba. Kafin watan azumi rumbuna ya ƙare, sai ga matar ƙanena ta aiko da dawa a buhu, ta ce a gaya wa Malam na yara ne.