Keken da Inna ta sa a ɗakinta

Shekarun baya, zamanin da tumbina yake riga ni shiga ofis, wani ciwon kai ya kai ni gaban likita a Makarfi. Ya ɗaura min abin awo a hannu, ya duba, ya kwance, ya sake ɗaurawa. Sai ya tambaye ni ko akwai mai hawan jini a gidanmu. Na ce mahaifina. Ya ce yana ina? Na ce ya rasu, bayan ya yi shekaru a kwance ɓarin jikinsa ɗaya a shanye. Likitan ya rubuta min magani, ya ce in rage gishiri, sannan ya ce, "Malam, jikin nan naka yana son wahala, kai kuma ka hana shi. Daga gado sai babur, daga babur sai kujera. Ka nemi abin da zai sa ka gumi kullum, in ba haka ba hanyar baban naka ka kama."

Maganar ta shiga jikina, domin na san kwanciyar da mahaifina ya yi. Ban gaya wa kowa a ƙauyenmu ba, musamman mahaifiyata, don kada in tayar mata da tsohon miki. Na dai sayar da babur ɗina, na tafi Zariya na sayo keke na gwanjo, irin mai giyar canza gudu da manyan tayoyi masu haƙora, wanda aka ƙera don hawan tudu da duwatsu. Ba shi da kariyar ɗaukar kaya. Birkinsa kuma ba a gefen taya yake kamawa ba kamar na kekunan iyayenmu, wani faifan ƙarfe ne a tsakiyar ƙafa, takalmin birki ya matse shi.

Ranar da na fara zuwa aiki a kansa, sai da abokan aikina suka fito ƙofa kallo. Wani abokina ya ce in albashi ne bai ishe ni ba in yi magana a yi min karo-karo. Na yi dariya ina haki, na kasa ma ba shi amsa, don numfashina bai dawo ba sai wajen azahar.

Abin da mai gwanjo bai gaya min ba shi ne keken nan yana da ciki. Damina ta cinye takalmin birki, rani ya cinye sarƙa, ƙaya kuwa ba ruwanta da lokaci. Yau wayar giya ta tsinke, gobe haƙoran baya sun cinye, jibi taya ta yi sanƙo. Kuma kayansa ba a samun su a gindin bishiya, sai an aika Zariya, wani sa'in har Kano. Mai gyaran kekena na Makarfi, duk ranar da ya hango ni ina turo shi sai ya fara murmushi tun daga nesa. Kullum shawararsa ɗaya: "Yallaɓai, ka bari in cire tarkacen giyar nan, in yanke sarƙar, ya koma keke irin na mutane, kowa ya huta." Ni kuma in ce a'a, da giyar nake hawa tudun da ke hanyar garinmu ba tare da na sauka ba.

Amma fa yana aiki. Na fara da zagayen gari, na koma ina kaiwa wajen ƙauyen Taba da yamma in dawo kafin magariba. Ciwon kan ya tafi, wanduna suka fara neman a rage musu ƙugu. Daga nan na mayar da shi al'ada, duk Asabar in yi sammako in tafi ƙauyenmu a yankin Saulawa in gaida mahaifiyata, in kwana, Lahadi in juyo.

To a can ne gizo yake saƙa. A garinmu keke kamar turmi yake ko tsani, ba a hana aronsa. In ka jingine shi a zaure, to na unguwa ne har ka tashi tafiya. Wannan zai je niƙa, wancan zai leƙa gona, wani zai kai saƙo. Ba kariya? Ba komai, a ɗora buhu a kan ƙarfen tsakiya a ɗaure da igiya. Sau nawa igiya ta shiga giya ta lanƙwasa min ita, ban ƙirga ba. In koma Makarfi in gyara, Asabar ta zagayo a sake. Na yi ta haɗiyewa, saboda haka na taso na tarar ana yi.

Akwai kuma wata al'adar da ke tafiya tare da aron. Mutumin kirki ba ya mayar da kayan aro yadda ya ɗauka, sai ya ƙara masa wani abu. In gatari ne a wasa shi, in tukunya ce a saka ɗan abu a ciki, in keke ne a wanke shi a sa masa mai.

Wata Asabar baffana, ƙanin mahaifina, ya ɗauki keken ya tafi Ikara ta'aziyya. Ina dawowa daga sallar la'asar na tarar da shi a zaure yana ƙyalli, an wanke shi tas, sarƙa ta sha baƙin mai har tana ɗiga. Na je na durƙusa na yi masa godiya. Ya ce, "Ba komai, ɗana. Abin hawa sai da kula."

Washegari da hantsi na kama hanya. A bayan garinmu akwai wata gangara mai tsawo da take sauka kan wata 'yar kwalbati a bakin fadamar rake. Na saki keke yana gudu, iska tana kaɗa min riga, ina jin kaina kamar saurayi. Ina shan kwana sai ga amalanken shanu shaƙe da rake ya cike kwalbatin. Na matse birkin baya, shiru. Na matse na gaba, shiru. Ko ɗan kukan nan da ya saba yi babu. Zaɓi biyu ya rage min, ƙahon shanu ko fadama. Na yi salati na zaɓi fadama.

Da aka zaro ni daga cikin taɓo, kafaɗata ta goce, ƙafar gaba ta keken ta lanƙwashe kamar faifan da aka zauna a kai. Mai amalanken ne ya mayar da mu gida, ni da keken, a saman rakensa. Duk wanda muka wuce sai ya ce sannu, sannan ya juya baya kafaɗunsa suna rawa.

Bayan mai ɗori ya gama da ni, Baffa ya zo dubiya. Ana cikin jajantawa na ce ni abin da ya ɗaure min kai, birkin lafiyarsa ƙalau jiya. Sai Baffa ya ce, "Lafiya ƙalau ina? Tun daga nan har Ikara faifan nan yake ƙiiƙii kamar ɓera a rumbu. Ni na tausaya maka na shafe shi da mai, gaba da baya, ya yi shiru."

Jama'a, ban san lokacin da dariya ta ƙwace min ba, ga kafaɗa tana zugi. A wurin Baffa duk ƙarfen da ya yi kuka mai yake nema, kuma a kan kekensa na da gaskiyarsa ce. Alheri ya yi niyya. Garin neman gira ne aka kusa rasa ido.

Da na ɗan warware, Baffa ya tara ni a zaure da wasu dattawan gidanmu. Ya ce sun yi shawara, keken nan a sayar. Ya ce, "Abin da ba ya ɗaukar kaya, ba ya son mai, kullum yana wurin mai gyara, wannan ai ba keke ba ne, ɗan lele ne. Ga shi ya kusa kashe ka. Kana ma'aikaci, ka sayi babur ka daina sa ana nuna mu da baki."

Na sunkuyar da kai har ya gama. Sannan na ce, "Allah ya ƙara girma, Baffa. Keken nan ba zan sayar ba. Zan gyara shi, ko nawa zai ci. Kuma daga yau na daina ba da aronsa."

Baffa ya ce, "Har ni?"

Na ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baffa, har kai."

Baffa ya ce keken mahaifina duk garin nan babu wanda bai hau ba, bai taɓa jin ya ce wa wani a'a ba. Ya kaɗe rigarsa ya fita. Gaskiya ya faɗa, kuma ta yi min zafi, amma ban janye ba.

Gyaran ya ci ni sosai. Takalman birkin da suka sha mai sai zubarwa, ƙafar gaba sai da aka nemo wata daga Kano. Watan nan a gidana miyar kuka ta yi mulki ba hamayya. Da keken ya tashi, na hau na koma ƙauye ranar Asabar kamar yadda na saba, na jingine shi a zaure na ɗaure da kwaɗo. A garinmu sa wa keke kwaɗo a zauren gidanku zagi ne ga unguwa gaba ɗaya, kuma na san haka na sa. Kafin la'asar sunana ya koma marowaci. In na yi gaisuwa a amsa min a taƙaice, ba a tambayar iyali.

Da yamma mahaifiyata ta aika a kira ni. Tana zaune a ƙofar ɗakinta tana tsince wake, ba ta ɗago ba ta ce, "Kai wannan, ni za ka watsa wa ƙasa a ido? Ƙanin ubanka za ka hana abin hawa saboda ƙarfe? In kuɗin gyara ne ya dame ka, ka rabu da shi mana. Wa ya ɗora maka?"

Na ce, "Inna, likita ne ya ɗora min."

Ta tsaya da tsintar. Na gaya mata komai, awon da aka yi min, da tambayar da likita ya yi a kan Baba, da abin da ya ce zai same ni in na koma zama. Na ce mata tun da na fara hawa jinin yake sauka, kuma duk ranar da keken ya kwana wurin mai gyara, ni ma a tsorace nake kwana. Na ce, "Ba rowa ba ce, Inna. Tsoro nake ji."

Na zaci fushi ne ya ƙaru. Can ta ajiye faifan waken ta ce, "Je ka cire kwaɗon nan, abin kunya. Ka turo shi nan."

Na turo shi har tsakar gida. Ta shiga ɗakinta, ta janye jeren kwanoninta da ba ta yarda kowa ya taɓa, ta nuna min tsakanin gado da bango. Ta ce, "Sa shi nan." Keke da taɓonsa da komai, a ɗakin da ko da takalmi ba a shiga.

Dabarar ba ta faɗo min ba sai daga baya. Abin da ke zaure na kowa ne, amma babu namijin da zai ɗaga labulen tsohuwa ya fito da kaya daga ɗakinta. Duk mai son aro dole ya yi sallama ya tambaye ta.

Baffa ne ya fara zuwa, da safe, ba don aro ba, don ya ji dalilin da ya sa ta goya wa rashin kunya baya. Ina daga cikin ɗaki ina jin su. Bayan sun gaisa ta ce, "Malam, wancan abin da ka gani magani ne. Ciwon yayanka ne ya leƙo yaron nan. Ka taɓa ganin an ari maganin mutum an tafi niƙa da shi?"

Ba ta jira amsarsa ba. Ta ce, "Ni da kai muka riƙa juya yayanka a tabarma. Kai kake ɗaga shi in zan canza shimfiɗa, ba ka manta ba. Na yi na miji, Allah ya karɓa. Ba zan yi na ɗa ba in dai akwai yadda za a yi. A ce min marowaciya, na ji na ɗauka."

Na ji Baffa yana jan hanci. Da zai tafi ya ɗaga murya yadda zan ji, ya ce, "To a gaya wa ɗan lelen ya rage shan mazarƙwaila ma, ba keke kaɗai ba." Daga ranar, shi da kansa yake kora masu zuwa aro tun daga zaure.

Har yau keken nan bai daina ci ba. Na canza sarƙa, na canza taya, na canza sirdi, har ban san ko akwai abin da ya rage na asali ba ban da ƙarfen jikinsa. Wani lokaci in na ji farashin kayansa sai in tsaya ina jan tsaki a gaban mai shago, sannan in biya. Har yanzu akwai masu ce min da kuɗin da na zuba masa da tuni na sayi babur na huta. Ina amsa musu da cewa na ga hutun da ake nufi, a tabarma na gan shi, ba na so. Wanda yake ganin gyaran keke da tsada bai taɓa jinyar wanda ba ya iya juya kansa ba.

Bana na wuce shekarun da mahaifina yake da su ranar da ya faɗi. Asabar ɗin da ta wuce na hau tudun garinmu ban sauka ba, na yi sallama a tsakar gida ina gumi. Inna ta tsufa, idonta ya rage gani, amma ta san ƙarar sarƙar. Kafin in durƙusa ta riga ta ɗaga labule, ta ce, "Sa shi a ɗaki tukuna, sannan ka zo mu gaisa."