Littafin Magunguna Ne Ya Hana A Kashe Ni

A shekarun da rikici ya yi tsanani, ni saurayi ne mai tsaron kemis ɗin bappana a Jimeta. Ban yi karatun harhaɗa magunguna ba, amma ina da buri. Akwai wani ƙaton littafi na bayanin magunguna da bappa ya ba ni, mai faɗin aikin kowane magani, da adadin da ake sha, da wanda bai kamata ya sha ba. Ko'ina da shi nake zuwa.

Da labari ya zo cewa mayaƙa sun doshi garin da goggona take aure a arewacin jihar, sai Dada, mahaifiyata, ta ce in je in taho da ita. Ban kai ba. A hanya suka tare motarmu, suka kwantar da maza a bakin titi. Ɗayansu ya zazzage jakata, littafin ya faɗo. Ya juya shafukan, ya tambaye ni ko ni likita ne. Na riga na ji abin da ake yi wa waɗanda ke gefena. Na ce eh.

Haka na zama mai ba su magani a daji. Suna kawo kwalaye da suka kwaso daga asibitoci, ni kuma in duba suna, in buɗe littafi, in karanta. Na wanke raunuka, na yi allurai, har na saba. Akwai wata mata cikin waɗanda aka kama, ta haihu zazzaɓi ya rufe ta. Na duba, na gane abin da take bukata, yana nan cikin kwali kusa da ƙafata. Shugaban mayaƙan ya ce wannan na masu yaƙi ne, in ba ta farasitamol. Na ba ta. Ta yi mini godiya, ta ce Allah ya saka. Da ta rasu ban yi kuka ba, na ci abincina.

Ranar da jirage suka tarwatsa sansanin na gudu. Na faɗa hannun sojoji, bayan dogon bincike aka sake ni, na dawo unguwarmu Rumde. Dada ta rungume ni tana kuka, ni ina kallon bango. Goggo ashe ta tsira da ƙafarta tun tuni. A unguwa aka fara cewa ni ne na warkar da waɗanda suka kashe 'yan'uwan mutane. Ban musa ba. Bappa ya kira ni gefe, ya ce in yi haƙuri in ɗan huta, masu saye ba sa son karɓar magani daga hannuna.

Yanzu albasa nake sarowa a Ngurore. Na yi aure. Kwanan baya 'yata ta yi zazzaɓi, matata ta miƙo kwalba ta tambaye ni cokali nawa. Na sani sarai, amma na ajiye kwalbar. Na ɗauki yarinyar muka tafi asibiti.

Abin da na koya shi ne, mutum kan tsira da ransa amma ya bar wani abu nasa a can. Ina roƙon masu karatu, idan wanda aka sace ya dawo unguwarku, kada ku tsare shi da tambayar me ya yi har aka bar shi da rai. Yana yi wa kansa wannan tambayar kullum. Ku dai amsa sallamarsa.