Neman Kashin Zomo daga Babura zuwa Gwiwa

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na tayar da babur daga Kazaure, raina a ɓace. Ni malamin kimiyya ne. Jiya na gaya wa Baba, tsohon mafarauci, cewa littafinmu ya raba zomo da tsattsewa: shi yana cikin masu shayarwa, ita cikin tsuntsaye, amma duka biyun an sa su a jerin waɗanda ba a fargabar ƙarewarsu. Baba ya ce, "To Malam, kawo min kashin zomon daji ko ƙwaya ɗaya." Ran Litinin zan koyar da darasin nan, kuma ba na son in koyar da ƙarya.

Babura

Na isa ƙarfe bakwai da kwata, na karya da koko da ƙosai. Tsattsewa kam ba ta ba ni wahala ba, ga sheƙunanta na laka jere a soron wani dattijo. Na tambaye shi ko suna rushewa in za a yi yaɓe.

"Haba ɗana, wa zai rushe wa baƙuwa ɗaki? Kewayewa muke yi."

Zomo fa? Ya ce in gwada garuruwan yamma.

Roni

Azahar ta same ni a can. Wani mai shayi ya rantse akwai zomo, ya ja ni bayan gidansa. Ashe na gida ne, farare, suna cin dusa a keji. Na yi dariyar takaici, domin ko a littafi jinsinsu daban.

Gwiwa

Har la'asar ina bin wani Bafulatani, Malam Jauro, muna leƙa gindin sabara. Sabarar ma sai an yi tafiya, gonaki sun cinye dajin.

"Rabona da in tashi zomo a nan," in ji shi, "tun ɗiyata ba ta yi aure ba."

Gida

Magariba na shigo lafiya, alhamdu lillahi, na gode wa duk wanda ya nuna min hanya. Na durƙusa gaban Baba hannu wofi, ina jiran tsiya. Bai yi ba. Sai ma tausayinsa ya kama ni.

"Koyar da abin da littafi ya ce," ya ce. "Sannan ka faɗa wa ɗalibanka a nan ubanka da abokansa ne suka ƙarar da zomon."