Zauren da Bara'atu Ta Zana

Duk wanda ya san Zongon Waga, wato Wagadugu, ya san Bara'atu 'yar Malam Dabo. Ko bai san sunanta ba ya san jakarta, wata baƙar jakar goyo da ta fi ƙarfinta, wadda ke rinjayar da ita gefe guda in ta hau moto, wato babur. Matan unguwa na tsokanarta wai tubali ta goya. Abin da ke cikin jakar kwamfutar tafi-da-gidanka ce, wadda yaran Waga ke ce wa ordi, baƙi, mai kauri, murfinsa duk karce. Da shi take zana wa mutane gidaje. Yadda aka yi injin nan ya iso hannunta a makare kuwa, har yau in aka tayar da maganar sai ran mutum ya ɓaci.

Jikar fataken goro da atamfa ce. A tsohuwar unguwarsu ta tsakiyar gari aka haife ta, a gida mai babban zaure inda mahaifinta ke saukar baƙi, a shimfiɗa tabarmi, a buɗe huhun goro, a yi ciniki, a yi salla. Tana ƙarama aka rusa unguwar, iyalin suka komo Zongo cikin ɗakunan laka. Tun daga nan Malam Dabo ya koma karɓar baƙinsa a kan benci a bakin hanya, motoci na watsa musu ƙasa. Ba mutum ne mai ƙorafi ba. Abu ɗaya kawai yake maimaitawa: in Allah ya ba da iko, za a mayar da zaure. Bara'atu ta tashi da maganar nan a kunnenta, tana zana ɗakuna da gawayi a bayan kwalayen atamfa. Ta shiga lise teknik, sakandaren koyon sana'a, ta koyi zanen gini, ta samu aiki a wani ƙaramin ofis a unguwar Wemtenga, inda take zana gidajen masu kuɗi a kan babban injin maigidan. Shi kuwa maigidan ya gindaya sharaɗi tun ranar farko, ba a aikin gida a injinsa.

Da aka yanka filaye a ɓangarensu aka tabbatar musu da parsel ɗinsu, wato nasu filin, yayanta Abdulbaƙi, wanda ke kasuwancin atamfa a Lome, ya ce shi zai gina wa iyayensu gidan siminti. Kafin ka ce me, wani ɗan kwangila ya tura masa hoton vila mai launi, da gareji, da salon, wato falo, da fulawa a bakin ƙofa. Zaure kuwa ko inuwarsa babu. Bara'atu ta zauna ta zana nata a takarda, zaure a gefen gabas, ƙofar mota a gefen yamma, kowa da hanyarsa. Da Abdulbaƙi ya zo ganin gida ta shimfiɗa masa. Ya duba, ya juya takardar sama ta koma ƙasa, ya sake dubawa.

"Ƙanwata, ni layi kawai nake gani," in ji shi. "Kin san mu a gidan nan ba ma sayen turmi a naɗe, sai an warware mana. Ki nuna mini gidan yadda mutumin nan ya nuna nasa, in shiga in fita, in ga inda motata za ta wuce. Injin da ake yi da shi ni zan saya miki. Amma kashegarin Babbar Salla zan yanke magana, don dole a haƙa tushe kafin damina ta sauka."

A yi masa adalci, bai faɗi son zuciya ba. Bara'atu ta ce ta ji, Yaya.

Ta shiga neman ordi kamar mai neman magani. Manhajar zanen gida ba wasa ba ce. Tana tayar da bango, ta ɗora rufi, ta saka rana da inuwa, sannan ta bar mutum ya zaga ciki, kuma duk wannan nauyi ne a kan inji. Yana bukatar ƙwaƙwalwa mai faɗi, da abin da ake kira kart grafik, wanda shi ke ɗaukar wahalar hoto, da fanka mai ƙarfi da za ta hana shi ƙonewa. Inji mai waɗannan ba ya zuwa siriri. Ta zaga shaguna, duk inda ta shiga sai ta ce a kunna ta gwada, wasu su yarda, wasu su ce ita wace ce. A unguwar Paspanga ta dace, a shagon wani Lassane mai gyara da sayar da kwancen Turai, wato tsofaffin kwamfutocin da aka yi amfani da su a can. Ya jawo mata baƙin nan daga ƙasan kanta ya goge shi da hannun riga. Ta loda masa gida mai bene, ta juya shi hagu da dama, bai ko yi tari ba. Ta ce a ajiye mata. Lassane ya ce babu damuwa, ai ba mai ɗaukarsa, kowa kyau yake nema.

To, a nan al'adar gida ta shigo. A danginsu, babbar sayayya ba ta bi ta hannun mai abu, sai ta hannun Kawu Dodo, ƙanen mahaifiyarta, tsohon dillalin atamfa. Shi ya sayi keken ɗinkin kowace mace a dangi, shi ke zaɓen ragon layya, shi ke haɗa kayan aure. Kuma ba a raina masa ido, don da yatsa biyu yake gane turmin da zai zuba. Saboda haka Abdulbaƙi bai ko yi tunani ba, ya tura wa Kawu kuɗin injin.

Bara'atu ta raka shi Paspanga. Kawu Dodo ya ɗaga injin da hannu biyu, ya auna nauyinsa, ya shafa murfin da babban yatsa, ya ga karce, har ya kai hanci ya shinshina. Sai ya ajiye shi a hankali kamar abin ƙyama.

"Wannan? Abin da wani Bature ya ci ya gaji ya yar? 'Yar yayata ta ratayo wannan a Zongo, a ce ni Dodo na saya? Haba, Bara'atu!"

"Kawu, ba fuskarsa nake so ba, cikinsa nake so. Na gwada shi, yana aikin."

"Ke yaushe aka haife ki? Kafin a yi uwarki amarya nake sayen kaya."

Ya kaɗa babbar riga ya fita. Kashegari ya tafi shi kaɗai shagon ɗan wani abokinsa, ya ce a ba shi sabo dal, wanda ya dace da mace. Aka fito masa da wani siriri mai ruwan zinare, cikin kwali, ko ledarsa ba a ɓare ba. Ya auna a tafin hannu, ya ji ba nauyi, ya ce madalla. Aka tafa, aka ce Allah ya sa albarka. Kuma a sana'arsu, in an tafa an ambaci albarka, magana ta ƙare. Mayar da kaya bayan nan tozarta dillali ne a gaban kasuwa, ba a yi.

Da ya kawo gida mata suka yi ta guɗa kamar an kawo lefe. Bara'atu ta karanta bayan kwalin. Injin 'yan makaranta ne, na rubutu da kallon fim. Ta buɗe baki, mahaifiyarta Hajiya Zulai ta zungure ta, ta ce cikin raɗa, "Ki yi godiya, kada ki kunyata ni a gaban ɗan'uwana." Ta durƙusa ta yi godiya. Ta kira Lome, Abdulbaƙi ya ce, "Kawu ya ce sabo ne cikin kwali, to me kuma kike so?" Jama'a, mace ta yi shekaru tana koyon sana'a, ta gwada kayan aikinta da hannunta, amma ba wanda ya ga ya kamata a tambaye ta. Da turmin atamfa ne ita ta zaɓa wa Kawu, da an kai ƙararta har wajen limami.

Duk da haka ta gwada. Manhajar ta shiga da ƙyar. In ta ja bango ɗaya sai ta je ta wanke kwano ta dawo kafin ya tsaya. Ta cire tagogi, ta cire launi, ta cire bishiyar da ta saka a tsakar gida, don ta rage masa kaya. Injin ya riƙa zafi har sai ta ɗora shi a kan faifai tana yi masa fifita.

Kashegarin Salla aka taru a tsakar gida da hantsi, ƙamshin soyayyen nama ko'ina, ana zuba zomkom, ruwan garin gero mai zaƙi, a kofuna. Malam Dabo na kan tabarma da sabuwar rigarsa. Abdulbaƙi na kujera, Kawu Dodo na gefensa, ɗan kwangila ya zo da nasa injin, wanda, abin takaici, baƙi ne mai kauri. Aka ce Bara'atu ta fara. Gidan ya fito a hankali, toka-toka, ba launi. Malam Dabo ya matso. Ta nufi ƙofar zaure, ta danna don a shiga. Hoton ya daskare. Wani ɗan zobe ya hau juyawa a tsakiyar allo, ya yi ta juyawa, mutane na kallo. Ta kashe ta kunna. Ya kai bakin zaure ya sake tsayawa, sannan allon ya yi baƙi.

"Ita ta cika masa kaya," in ji Kawu Dodo. "Sabon abu lallaɓa shi ake yi."

Wallahi haka ya faɗa, ko kunya babu. Ɗan kwangila ya buɗe nasa, ya shigar da mota gareji, ya kunna fitilun salon, ya zaga da su har banɗaki. Abdulbaƙi ya dubi ƙanwarsa, ta ce, "Yaya, ka ba ni mako biyu." Ya dubi sama, gajimare ya fara haɗuwa ta gabas. Ya ce ba zai zuba ginin iyayensa a kan abin da bai gani ba. Malam Dabo ya jawo takalminsa ya fita bencinsa.

Aka gina vila. Tana da kyau, ba mai musu. Salon ɗin na mata ne da jikoki da talabijin, baƙo namiji ba ya ratsa shi. Malam Dabo ya samu ci gaba, daga benci ya koma kujerar roba a gindin ƙofar ƙarfe. Zinariyar kwamfutar da Kawu ya sayo kuwa tana wurin 'yarsa, ana kallon fim, kuma har gobe yana nuna wa mutane ita yana cewa a duba irin kayan da yake zaɓa.

Bara'atu ta daina dariya a taron dangi. Ta yi ta aiki har bayan damina, sannan ta koma Paspanga ita kaɗai, ba ta shawarci kowa ba. Baƙin injin na nan ƙasan kanta inda ta bar shi, ta biya da guminta ta ɗauko shi. Cikin 'yan kwanaki ta gama gidan da ba za a gina ba, da launinsa, da bishiyarsa, da tabarmi a zaure. Tun daga nan ta bar ofishin Wemtenga tana cin gashin kanta, kuma duk ɗan Zongon da ya kawo mata fili, tambayarta ta farko ita ce a ina maigida zai sauki baƙi.

Wata la'asar ta tarar da mahaifinta shi kaɗai a ƙofar gida. Ta durƙusa, ta ɗora masa injin a cinya.

"Baba, zo ka ga abu."

Ya gyara tabarau. Ƙofar zaure ta buɗe ba gardama, rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan tabarma. Tsohon ya zare ƙafafunsa daga takalmi, nan a bakin hanya, ya yi sallama a hankali. Ya daɗe yana kallo. Ta kai hannu za ta wuce da shi tsakar gida, ya riƙe mata yatsa.

"A'a, uwata," ya ce. "Bar ni a nan tukuna."