Hannun da Na Sa Ban Duba Ba

Kafin in shiga gidan yari, ni nas ce a ɗakin yara na wani asibiti a Abuja, kuma ina ji da kaina. Kullum daga Kubwa muke shiga bas tare da Sista Talatu, wadda ta girme ni a aiki. Ita ta koya mini neman jijiyar jariri. In ta riga ni shiga mota, jakarta take ɗorawa ta tare mini kujera.

Dokar ɗakinmu ita ce ba a yi wa yaro allura sai nas ta biyu ta duba maganin ta sa hannu. Ranar da na fara sa hannu ban duba ba, yunwa ce kawai ke cina. "Haba ƙanwata, ni za ki bincika?" Talatu ta ce tana dariya. A hankali abin ya zame mini jiki, har ina sa mata hannu a takardar da ba a rubuta komai ba.

Yara suka fara mutuwa, har waɗanda suka soma wasa a gado. Talatu ta fi kowa kuka.

Wata safiya Dije, Bafulatana mai tallan nono a Zuba, ta riƙe mini hannu. An kusa sallamar 'yarta Shatu. "Nas, in waccan ta shigo sai yarinyar nan ta ƙanƙame ni. Ke ki yi mata." Na yi dariya na ce wane yaro ne ke son allura? Na karɓi Shatu na miƙa wa Talatu. Kafin azahar an lulluɓe yarinyar da zane.

Da asiri ya tonu cewa allurar Talatu ce ke kashe yaran, ta nuna takardun a kotu. "Ga hannunta nan, ita ke dubawa." Ko kallona ba ta yi ba. Aka yanke mata hukunci a kan kisan yaran, ni kuma na yi shekaruna a kan shaidar ƙarya. Har yau ban san dalilinta ba, kuma har yau in na tuna jakar nan a kan kujera sai zuciyata ta tafasa.

Ku masu koyon aikin jinya, ku duba kafin ku sa hannu, ko wadda ta haife ku ce ta zuƙo maganin. In uwa ta yi magana, ku tsaya ku saurara.

Da na fito na tuba ga Allah, sannan na nemo Dije a Zuba. Na durƙusa gaban ƙwaryarta ina ba ta labarin yadda aka ci amanata. Ta bari sai da na gama.

"Ni ban san wata Talatu ba," ta ce. "Ke na ba wa."