Motar Hafsatu a Kan Rufin Kwano

Jiya bayan La'asar na shiga gaida Inna Rabi, maƙwabciyarmu a Kafur, na tarar da jikarta Hafsatu tana kuka, rungume da motar wasa mai rimot. Ita ce tsarabar ƙarshe da babanta ya kawo mata daga Funtua kafin ya rasu.

Inna ta ce, "Ɗan nan, duba mana. Da ta fara gudu sai ta tsaya cak. Kullum ina shanya ta a kan kwano ta sha rana kamar fitilarmu ta sola, amma a banza."

Na taɓa cikin motar, zafi kamar an sauke ta daga murhu.

Na ce, "Inna, ba caji ba ne. In batir ne, a hankali gudunta ke raguwa, kuma jikinta da sanyi. Wannan zafi ne ke tsayar da ita."

Muka ajiye ta gindin randa. Kafin Magariba motar ta huce, ta ci gaba da gudu.

Inna ta share ido da bakin mayafi. "Ashe ni ke gasa mata ita."

Ku fa, me kuka taɓa ɓatawa garin tattali?